Kafin ka buga fastar gasar labarin ƙasa

Ranar Talata bayan la'asar ɗan ƙanwata ya same ni a zaure, ya durƙusa ya gaishe ni, sannan ya miƙo mani wayarsa yana ta murmushi. "Kawu, duba fastar da muka yi." Shekararsa ta biyu ke nan da fara koyarwa a wata sakandare a nan cikin Katsina, kuma shi aka ɗora wa shirya gasar labarin ƙasa tsakanin makarantu. Na karɓa na duba. Hotunan manyan mutane ne har 6, wasu da rawani wasu da zanna: babban baƙo, uban taro, shugaban taro, mai masaukin baƙi, da wasu biyu da aka ce baƙi na musamman ne. Rana da wurin taron suna can ƙasa, sai da na sa tabarau na iya karanta su. Babu ko ɗigon taswira a jiki. Na ce masa, "To, tambayoyin fa?" Ya ce, "Ai Kawu wannan mai sauƙi ne, dare ɗaya ya isa." Gabana ya faɗi. Wallahi da bakina na taɓa faɗin wannan magana, kuma har yau ina jin ɗacinta.

Nawa ya faru ne ba da daɗewa ba bayan shigowar wayar salula a 2001, lokacin da layi kaɗai ya fi ƙarfin albashin malamin makaranta. Ina koyar da labarin ƙasa, ina kallon yara suna gudun darasin, musamman karatun taswira, wanda shi ne ke kayar da su a jarrabawar WAEC. Abin yana ci mani rai. Garin da aka kafa Kwalejin Katsina a 1921, inda Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, a ce yaro ya gama sakandare bai iya nuna Katsina a taswirar Najeriya ba? Na ce sai na shirya gasar da za ta girgiza gari. Niyyata mai kyau ce, wannan kam ba zan bari kowa ya ƙwace mani ita ba.

Amma ku ji inda ƙarfina ya tafi. Mako uku ina zarya ofishin wani babban mutum, ina zaman benci tun safe har azahar, don ya amince a sa sunansa. Na sa aka rubuta ƙyallen sanarwa biyu, aka rataya ɗaya wajen Ƙofar Ƙaura, ɗaya wajen Ƙofar Ƙwaya. Na biya sanarwa a rediyo ta kwana uku. Na buga katin gayyata mai ruwan zinare, na yi hayar rumfuna da kujeru da lasifika da janareta. Sau biyu ina sauya rana don ta dace da lokacin babban baƙo, har ta ƙare a watan Mayu, ana tsakiyar zafin bazara, 'yan ajin ƙarshe kuma suna cikin jarrabawa. Su kuwa makarantu 14 da za su kawo ɗaliban, masinja na ba takardu ya rarraba a babur, kowace da sunan shugaban makaranta. Ban taka ƙafata ko ɗaya ba. Ban faɗi wanda zai biya kuɗin mota ba, ban faɗi ko akwai abinci ba, ban faɗi babukan da za a yi tambaya a kansu ba. Daga baya na ji cewa a wasu wuraren takardar tana kan tebur ƙarƙashin fayil har aka yi taro aka watse, malamin darasin bai ma san da ita ba. Makarantu 5 suka zo. Na yi tuya na manta da albasa.

Zan ɗan kare kaina a nan, domin wanda bai taɓa shirya taro da aljihun malami ba bai san abin da ake ciki ba. Babu ɗan kasuwar da ya ba ni ko kwabo sai da ya ga sunan mutumin nan a kati. Kuma gudunmawar da shi babban mutumin ya aiko da ita ce muka sayi littattafan taswira da ita, yara suka yi shekaru suna amfani da su. Don haka ba zan ce duk wahalar banza na yi ba. Sai dai duk lokacin da na kawo wa kaina wannan uzurin, fuskar wata yarinya ce ke faɗo mani.

An sa ƙarfe 10:00. Yara sun iso tun 9:00, aka jera su a benci a rana, saboda rumfunan na baƙi ne. Muka yi ta jira. Ƙarfe 1:00 ta wuce sannan mota ta shigo, kuma ba shi ba ne, wakili ya turo. Aka yi jawabin maraba, aka yi na uban taro, aka karanta na babban baƙo, aka tashi sallar azahar. Abin da ya rage wa gasar kanta bai kai awa ɗaya ba. Na aro taswirori masu ma'aunin 1:50,000, irin waɗanda santimita 2 a takarda ke nufin kilomita 1 a ƙasa, na tanadi zare da rula don yara su auna tsawon hanya mai lanƙwasa, su karanta layukan da ke nuna tudu da kwari. Wannan ne zuciyar abin da na so a yi. A naɗe suka zo, a naɗe suka koma, ƙarƙashin teburin manya suka wuni.

Tambayoyin kuwa a daren jajibiri na kwafe su, ido na rufewa, daga wani tsohon littafi na ɗakin karatunmu. A zagayen ƙarshe aka zo kan wata yarinya daga wata makaranta ta wajen Jibiya. Malaminsu da kuɗinsa ya ɗauko su su uku a motar haya. Na karanta: "Mene ne babban birnin Kwaddibuwa?" Ta miƙe, hijabinta ya jiƙe da gumi, ta ce, "Yamusukuro." Na dubi takarda, Abijan na rubuta. Na ce, "Ba daidai ba." Na san tun 1983 aka mayar da babban birnin Yamusukuro, garin Shugaba Houphouët-Boigny. Na sha koyar da haka a aji. Amma a lokacin idona na kan wakilin babban baƙo da ke duba agogo yana gyara babbar riga. Malaminta ya tashi ya ce, "Malam, a duba dai." Na ɗaga masa hannu na ce lokaci ya ƙure. Da wannan makin makarantarsu ta rasa kofi. Yarinyar ba ta yi kuka ba. Ta dube ni kawai, ta zauna, ta sunkuyar da kai. Sai da dare ina kwance abin ya dawo mani. Na yi niyyar in je har makarantarsu in ba da haƙuri, na ce sai an gama jarrabawa, sai an dawo hutu, har shekara ta juyo. Ban je ba. Malamin nan mun haɗu sau da yawa bayan haka, mu gaisa, bai taɓa tayar da maganar ba, ni ma ban yi ƙarfin halin tayarwa ba.

Da na ɗauki biro na yi zaton zan jero maku shawarwari goma. Da na tace su, ba su kai haka ba.

Rubuta tambayoyinka kafin ka buga komai. Ka ba malamai biyu da ba na makarantarku ba su bi su ɗaya bayan ɗaya da sabon littafi, domin ƙasa tana nan amma sunaye da iyakoki suna sauyawa. Jihar nan tamu sai a 1987 aka cire ta daga Kaduna, jihohin Najeriya sai a 1996 suka cika 36. Wanda bai gama tambayoyi ba bai da abin da zai tallata. Kuma a sa alƙali wanda ba shi ne mai karanta tambaya ba, wanda idan malami ya ce a duba, zai tsaya ya duba.

Sanarwarka malamin darasi take nema, ba jama'ar gari ba. Hau babur ka je ka same shi a ofishin malamai, ka zauna, ka gaya masa rana, da babuka, da wanda zai biya mota, da abin da yara za su ci. Ku yaran yanzu kun ɗauka da an saka fasta a Facebook mutum 300 sun danna, shi ke nan an yi aiki. Wane ne a cikinsu zai cika mota da ɗalibai daga Mashi ko Ɓatagarawa? Ku ajiye wayar nan ku taka ƙasa. To, ban ce a jefar da ita ba. Bayan ka je da ƙafarka, haɗa malaman a zauren WhatsApp ɗaya ka riƙa tuna masu. Da ina da irinta a lokacin, da makarantun nan 9 ba su ɓace mani ba.

Kada ka gayyaci babban baƙo. Haka na fara rubutawa, kuma har zuciyata haka nake ji. Amma na san ba za ka samu kuɗin kofi ba sai da shi. To, gayyaci ɗaya, ba 6 ba. Ka ce masa ƙarfe 1:00 don ba da kyauta, ku kuwa ku fara 9:00, ko ya zo ko bai zo ba. Ranar kuma kalandar makaranta za ta zaɓe ta, ba sakatarensa ba. Rumfa ta yara ce.

Sannan ka fitar da su waje. A gasar duniya ta labarin ƙasa ta 'yan sakandare, wadda aka fara a birnin Heg na ƙasar Holan a 1996, kowace ƙasa ɗalibai 4 take kaiwa, kuma kashi 40 cikin 100 na makin daga aikin fili yake fitowa. Mu nan sai haddar manyan birane, irin wadda ta kai ni ga zaluntar yarinyar mutane. Ka tsayar da su gindin hasumiyar Gobarau, ka ba su takarda su zana hanyar zuwa Ƙofar Soro, su sa arewa inda take. Ka tambaye su me ya sa ganuwa ta zaizaye a wani wuri ta tsaya a wani. Ka tambaye su garuruwan da layin dogon Kano zuwa Maraɗi zai ratsa, ka ga ko za su kawo Kazaure da Daura da Jibiya. Kwanan baya na tambayi wasu samari a ƙofar masallaci daga ina ruwan famfon gari yake zuwa, babu wanda ya ambaci dam ɗin Ajiwa, amma kowannensu ya san unguwannin Dubai. Ɗaya ma sai da ya ciro waya kafin ya nuna mani gabas, alhali ya fito daga sahu ke nan. Abin ya ɓata mani rai ƙwarai. Ko da yake, da na huce, na tuna mu ne muka koyar da malamansu.

Duk wannan na faɗa wa ɗan ƙanwata, har da labarin yarinyar, wanda ko mahaifiyarsa ba ta taɓa ji daga bakina ba. Ya yi shiru yana juya waya a hannu, sannan ya ce, "Kawu, ai an riga an tura fastar, manyan duk sun gani." Na ce ya bar ta, abin da ya tafi ya tafi, amma ya kawo mani tambayoyinsa ranar Asabar bayan isha'i, da jerin makarantun da sunan malamin darasi na kowace. Ya ce to. Na sa an sauko mani da taswirorina daga saman kwaba, an kakkaɓe su. Guda biyu gara ta ci gefensu, sauran suna nan lafiya.