Fulogin ɗaya, riga biyu

Ranar Alhamis wani abokina mai sutudiyo a Bauchi ya turo min waƙar biki in ƙarasa masa mikisin, wato daidaita murya da kiɗa, ga amarya Asabar za a kai ta, ni kuma ina ɗan ɗakina a Jekadafari ina lissafin man janareta. Na buɗe aikin a FL Studio, manhajar da muke haɗa kiɗa da ita, sai ga saƙo wai babu fulogin biyu, wato ƙananan manhajojin sauti da ake ɗorawa a cikinta. Na duba, wallahi suna nan a kwamfutata, suna ɗaya kamfani ɗaya. Na kira shi na ce malam me ka turo min haka, ya ce shi fa a wajensa tas yake bugawa. Sai wajen sha ɗayan dare na gano bakin zaren, ashe shi tsohon tsarin fulogin, VST2, ya ɗora, ni kuma sabon, VST3, kaɗai gare ni.

A idonka abu ɗaya ne, amma manhajar kallon baƙo take wa kowanne, lambar da take gane su da ita daban ce. A Windows, shi VST2 fayil ne mai .dll, duk foldar da ka ga dama ka jefa shi, shi ya sa za ka ga kwamfutar yaranmu fulogin a warwatse kamar kayan gwanjo, wani a Desktop wani a Downloads. VST3 kuwa gidansa ɗaya, can cikin Common Files. Steinberg na Jamus, masu manhajar kiɗa ta Cubase, su suka fito da VST a 1996, VST3 ya zo a 2008, tun 2018 kuma suka daina ba sabbin kamfanoni lasisin yin VST2. To ka ga duk wanda ya rungume tsohon, kamar mai riƙe da mashin ɗin da aka daina kawo kayan gyaransa ne, yana tafiya dai, amma ranar da ya tsaya sai Allah.

Ni a gaskiya VST3 na fi so, don wasunsu in ba sauti yana wucewa sai su huta su bar wa kwamfuta numfashi, kuma mai tokumbo irin tawa mai RAM 8 ya san darajar wannan. Sai dai ba zan yi rantsuwa ba cewa kullum shi ya fi zama lafiya, na ga fulogin da VST2 ɗinsa yake zaune lau, sabon kuma da ka taɓa shi sai komai ya daskare.

Sannan ga maganar 32-bit da 64-bit, wato tsohon tsarin ginin manhaja da sabo. Tsofaffin fulogin kayan kiɗan da muke ji da su, irin na fiyano da sarewa da ake ta yawo da su a filash daga wannan sutudiyo zuwa wancan, da yawansu 32 ne. FL Studio a Windows yana yi musu gada su yi aiki, amma gadar tana cin ƙarfin kwamfuta. Ableton, wani kamfanin manhajar kiɗa, tun fitowar Live 10 ɗinsa ya sallame su. Kuma mu faɗi gaskiya, rabin daskarewar da muke ɗora wa manhaja daga kirak ɗin da muke saukewa ne, wato manhajar da aka fasa lasisinta, ni ma ban wanke kaina ba.

Masu burin sayen Mac ku yi tambaya kafin ku zuba kuɗi. Manhajar Logic fulogin tsarin AU kawai take karɓa, manhajar Pro Tools kuma tsarin AAX, tun macOS Catalina na 2019 babu zancen 32-bit, sannan daga Mac mai M1 na 2020 tsohon fulogin sai ta Rosetta, irin gadar da Apple ya yi wa tsofaffin manhajoji. Akwai kuma wani tsarin fulogin, CLAP, da kamfanonin Bitwig da u-he suka fitar a 2022, FL ma ya fara karɓarsa, amma a nan Gombe ban ga wanda ya damu da shi ba tukuna.

Yadda muka ƙare da abokin nawa, na ce ya fitar min da kowane layi daban a fayil ɗin sauti na wav, murya daban, kalangu daban, bes daban, duk su fara daga farkon waƙar. Datarsa ta ƙare a tsakiya sai da na tura masa kati, fayilolin suka gama shigowa ƙarfe biyu saura. Da asuba na tura masa waƙar, ya saurara ya ce muryar amshi ta yi ƙasa, in ɗan ɗaga ta.