Gidaje goma sha uku a kan takardar ECG

Wata na uku ina koyon aiki a sashen zuciya a Garwa aka kawo wata yarinya 'yar shekara 14. Sau uku ke nan tana yanke jiki ta faɗi. A gida an ce iska ce, an yi rubutu an sha. A asibitin unguwa an ce farfaɗiya. Na manna mata wayoyi goma na ECG, gwajin da ke zana lantarkin bugun zuciya, na'ura ta fito da takarda, ta buga a sama cewa lafiya lau. Ni ma na yarda.

Babban likitanmu ko kallon rubutun na'urar bai yi ba. Ya ɗora biro a layin II na zanen, ya ce in ƙirga ƙananan gidajen takardar daga farkon Q zuwa inda T ta sauka. Q da T sassa ne na zanen kowane bugu, tazarar da ke tsakaninsu kuma ita ake kira QT. Takarda tana tafiyar milimita 25 a daƙiƙa, don haka kowane gida milisakan 40 ne. Na ƙirga 13, wato 520. Bugunta wajen 60 ne a minti, lissafin Bazett, mai daidaita QT da saurin bugu, bai canza komai ba. QT na mace bai kamata ya wuce 460 ba, in ya haura 500 kuwa haɗari ne sosai. T ɗinta mai ƙusumbi biyu ce, na'urar ta yanke ta a na farko.

Sai ya juya wurin uwar. "Hajiya, a danginku akwai wanda ya rasu farat ɗaya yana yaro?" Ta yi shiru. Can ta ce yayan yarinyar ya nutse a Binuwai, alhali ya iya ruwa kamar kifi. Har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi, domin tambayar nan ba ta bukatar wuta ko na'ura, kuma ban yi ta ba.

Ciwon gado ne, tsawaitar QT. Yawanci in uba ko uwa na da shi, yiwuwar kowane ɗa ya gada rabi da rabi ce. Wani iyo ke tayar masa, wani ƙara ta ba-zata, wani a barci. Akwai nau'in da Jervell da Lange-Nielsen suka bayyana a Norway a 1957, mai haɗe da kurumta, wanda sai an gado daga iyaye biyu. A wurinmu da auren zumunci ya yi yawa, kurman yaro mai suma ya cancanci a auna shi.

Abin da ya fi tayar mini da hankali maganin da muke bayarwa kullum ne. Kinin, kulorokwin da eritromaisin duk suna ƙara tsawon QT, gudawa da amai kuma suna zubar da fotashiyam, sinadarin jini da ƙarancinsa shi ma ke tsawaita QT. Da damina ta same ta da zazzaɓin cizon sauro aka ɗaura mata kinin fa?

An sa ta a kan furofaranolol, maganin da ke kwantar da bugun zuciya, na rubuta wa Hajiya sunayen magungunan da bai kamata a ba yarinyar ba, ta nuna wa kowane mai kemis. Ran Litinin ta dawo da ƙannen yarinyar huɗu. Na auna su ɗaya bayan ɗaya, biro a hannu. Biyu daga ciki sun wuce gida goma sha biyu.