Yadda ake sirka ruwan bilic na ɗakin gwaji

Kashe ƙwayoyin cuta inda jini ya zube yana bukatar bilic, wato ruwan sinadarin kulorin da ake wanke fararen kaya da shi, mai ƙarfin 0.5%. Yawancin na kasuwa 3.5% ne. Raba 3.5 da 0.5, ka cire 1, amsa 6: wato awo 1 na bilic, awo 6 na ruwa. Mililita 100 a cikin ruwa mililita 600 ke nan.

Amma a duba jikin kwalba tukuna, domin wani 5% ne, shi kuwa awo 9 na ruwa yake ci.

Kullum a haɗa sabo, a rubuta kwanan wata. Zafi da hasken rana suna cinye ƙarfinsa. Kada a kuskura a gauraya shi da asid, iska mai guba yake fitarwa.