Mita ɗaya ta kebul ta cinye min yini

Talata, Sakkwato

Tun ƙarfe tara nike lab, sai bayan la'asar munka gano matsalar, kuma wallahi ashe ba kod ɗina ba ne. Allon FPGA (cip ɗin da ake tsara mishi aiki da kod) da muke gwadawa, kulok ɗinshi, siginar da ke buga mishi lokaci, megahaz 100 ne, wato kowane bugu nanosakan 10. In na ɗauki data wani sa'in ta fito daidai, wani sa'in duk ta zame da bugu ɗaya. Sau uku ina sake kod, ga zafin garin nan, ga wuta an ɗauke muna zaman jiran janareta.

Malam mai kula da kayan lab ya dawo sallah ya ishe ni na yi tagumi. Ko kwamfuta bai kalla ba, sai yac ce "yaro, auna kebul ɗinka." Na auna. Na kulok mita ɗaya, na tiriga mita biyu, don shi na tarar a durowa da safe na jona kawai. To sigina cikin kebul RG-58 tana cin kusan nanosakan 5 a kowace mita, kenan tirigar da ke ce ma na'ura "fara yanzu" ta makara da rabin bugu cur, in ka haɗa da ɗan jinkirin allon kanshi sai ta faɗo dab da bakin bugu na gaba, wani lokaci a kama ta nan, wani lokaci sai na bayanshi. Abin ya tsaya min a rai sosai, mita ɗaya fa!

Da munka sa ta a osiloskop kuma, na'urar da ke nuna siffar sigina, sai ga bakin siginar yana rawa. Na bar mashigar a megaom 1, ita ko kebul ɗin om 50 ce, sigina na zuwa ƙarshe tana dawowa baya kamar amsa-kuwwa. Malam ya ciro ƙaramin tamineta na om 50 mai kan BNC, abin da ke hana sigina dawowa baya, daga aljihu ya ɗaura, nan take ta miƙe sumul.

Yac ce min shi ya sa a akwatin PXI, wanda ake jera allunan awo a ciki, ake ja ma kowane gurbi layin tiriga nashi, tsawonsu ɗaya, ga kulok na megahaz 10 da duka ke bi. Mu ba mu da shi, sai mu auna da hannu.

Kafin magariba na manna ma kowane kebul salatif na rubuta tsawonshi. Gobe in sha Allahu zan sake ɗaukar data tun daga farko.