Daga Yamai zuwa Abijan: birnin da ruwa ya raba

Kwana biyu muka yi a cikin motar safa daga Yamai, muka ratsa Wagadugu da Bobo Julaso, muka shiga ƙasar Kodebuwa ta arewa, sannan muka gangara ta Buwake da Yamusukuro. Tun daga Buwake ƙasa ta fara sauya kama, itatuwa suka yi tsawo, iska ta yi nauyi da laima, har rigar jikina ta manne mini kafin mu isa. A hanya mun sha tsallaka layin dogon da Faransawa suka sa wa suna Abijan-Nijar, wanda ya kai Wagadugu a 1954 amma bai taɓa isa ƙasarmu ba, kuma na ji zafin hakan duk lokacin da tayar motarmu ta daki ƙarfensa.

Mun shiga Abijan da asuba ta gefen Yopugon, muka bi ta bakin dajin Banko, wani kurmi mai duhu da aka keɓe tun 1953, wanda yanzu gidaje suka kusa kewaye shi. Kawuna ya tarye ni a tashar Ajame, inda hayaniyar ƙananan motocin da suke kira gbaka ba ta barin mutum ya ji maganar na kusa da shi. Bayan mun gaisa ya ce mini, "Ɗana, idan kana son ka gane garin nan, sai ka fara da ruwansa."

Na samu gaskiyar maganarsa washegari da muka hau jirgin ruwan haya daga Tireshbil zuwa Filato. Tafkin Ebiriye, wanda ya ɗauki sunan mutanen da suka riga kowa zama a wurin, yana kwance tsakanin gari da tekun Atilantika, ya yayyanka birnin gida-gida, ta yadda unguwa ke hangen 'yar uwarta amma ba ta isa gare ta sai ta gada ko ta jirgi. Faransawa sun fara kafa babban birnin mulkinsu a Garan Basam a 1893, zazzaɓin shawara ya kore su zuwa Banjabil, sannan a 1934 suka dawo Abijan. Sun zauna a kan tudun Filato, suka bar baƙar fata a Tireshbil da ke ƙetaren ruwa da kuma Ajame ta arewa, kuma har yau dogayen benayen bankuna da ofisoshin gwamnati a Filato suke, ko da yake an mayar da babban birnin ƙasar Yamusukuro tun 1983.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne mashigin Biridi. Rairayi ne ya tare tafkin daga teku, har sai da aka haƙa wannan hanyar ruwa mai tsawon kusan kilomita 3, aka buɗe ta a 1950, manyan jirage suka samu shiga ruwa mai zurfi da ba ya da igiya. A lokacin mutanen garin ba su kai 100,000 ba. Ƙidayar 2021 kuwa ta samu fiye da mutum miliyan 6 a gundumar Abijan, kuma Yopugon da Abobo kowacensu ta haura miliyan ɗaya. Na tsaya a bakin mashigin ina kallon wani jirgi yana fita a hankali, ina tunanin buhunan koko da ke bi ta nan, domin babu ƙasar da ta kai Kodebuwa noman koko a duniya.

Tashar jiragen ruwan da wannan mashigi ya samar ce ta jawo mutane daga Burkina Faso da Mali da Gini da Nijar da Najeriya, har Faransanci ya zama harshen titi, ba na makaranta kaɗai ba. A kasuwa ana ciniki da Julanci, matasa kuma suna da nasu salon da suke kira nushi, wanda Faransancin da na koya a aji bai taimake ni da shi ba ko kaɗan. Hausa kuwa na ji ta a wajen mahauta da masu shayi da 'yan goro, wasunsu a can aka haifi iyayensu.

Ranar da zan dawo, Kawu ya kai ni wata rumfa a Tireshbil muka ci garba, wato acheke, garin rogo da aka turara, da soyayyen kifin tuna da ɗanyen barkono da albasa. Mutanen gari na cewa abincin ya samo sunansa ne daga 'yan Nijar da suka shahara da sayar da shi, waɗanda da yawansu Garba ake kiran su. Mai rumfar mutumin Dogonduci ne, da ya ji daga Yamai na zo sai ya ƙara mini kifi, ya tambaye ni ko damina ta sauka a gida.