Abin da ruwan zartsi ya koya mini

Ni ɗan Jos ne, kuma ruwan da na tashi na sani shi ne na rafi da na kududdufan da masu haƙar kuza suka bari. Ban taɓa ganin teku ba sai da karatun ilimin duwatsu ya kai ni Kalaba, inda kogin Kuros Riba yake shiga Tekun Atilantika. Kwana huɗu muka yi cikin kwale-kwale muna ɗibar ruwa a robobi, tun daga sama inda ruwa yake shayuwa har zuwa bakin teku inda ko kurɓa ba a iya yi. Tsakaninsu kuwa ruwan zartsi ne, kuma shi ya kai mu.

Lissafin da na dawo da shi Jos mai sauƙi ne. Kilo ɗaya na ruwan teku yana ɗauke da gishiri kusan giram 35, na kogi kuwa bai kai rabin giram ba. To idan sun gauraya rabi da rabi, ai kowane sinadari a tsakiya zai tsaya. Kuloraid da sodiyam haka suka yi, na zana su suka miƙe sak kamar an ja da rula.

Bariyam ne ya ƙi. Da gishiri ya fara shiga, sai ya haura har ya wuce na kogin, ya wuce na tekun, daga baya ya riƙa sauka. Hankalina ya tashi, don na ɗauka robobin ne suka gurɓata. Na sake awo har sau uku, tudun nan da bariyam ya yi a zanen yana nan daram. Na kai wa malamina takardar, na ce, "Malam, ina jin aikin nan ya lalace." Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Babu abin da ya lalace. Je ka duba lakar da ka tace ka ajiye."

Ashe yumɓun da kogi yake ɗaukowa yana riƙe da bariyam a jikinsa. Da zarar ya haɗu da ruwan teku, sai magnesiyam da kalsiyam da sodiyam su ture shi su maye gurbinsa, shi kuma ya narke cikin ruwa. Sinadarin ƙarfe da ke cikin ruwan kogi kuwa akasin haka yake yi, kuma wannan da idona na gani. Na zuba tataccen ruwan kogi a kwalba, launinsa kamar shayin da bai ji ganye ba, na ƙara masa ruwan teku na rufe. Washegari ruwan ya washe, ƙasan kwalbar kuma ga gudaji ja-ja sun kwanta kamar na kunu. Gishiri ne ya dunƙule ƙarfen da ruɓaɓɓen ganyen da yake maƙale da shi. Da haka yawancin ƙarfen da kogi ya ɗauko yake zama a bakin teku.

Abin ya tsaya mini a rai saboda sana'armu ta karanta alama ce. Ba mu ga ruwan da ya shuɗe ba, sai abin da ya bari a laka da ƙumba da katantanwa. Ko ɗan dutsen da ke cikin kunnen kifi yana ajiye labari, domin hawa-hawa yake girma: inda sinadarin siturontiyam ya yi yawa kifin yana teku, inda bariyam ya rinjaya yana kusa da kogi. Lita ɗaya ta ruwan teku tana da siturontiyam kusan miligiram 8, fiye da sau ɗari na yawancin koguna. Amma wanda bai san tudun nan na bariyam ba zai ga yawansa ya ce kifin ya shige kogi, alhali a zartsi yake kiwo.

Yanzu aikina ya koma kan duwatsun kwarin Gongola. Sama da shekara miliyan 90 da suka wuce teku ta malalo ta kwarin Binuwai, ita ce ta bar farar ƙasar da ake yin siminti da ita a Ashaka. Don a gane irin ruwan da ya bar dutse, ana lissafin raba yawan siturontiyam da yawan bariyam na daskararriyar laka, idan sakamakon ya haura 0.5 a ce ruwan teku ne, idan bai kai 0.2 ba a ce na kogi. Ina amfani da ma'aunin, amma ba na yarda da shi shi kaɗai, sai na haɗa da boron da irin ƙwarangwal ɗin halittun da ke cikin dutsen. Ɓawon ƙumba ma yana shan siturontiyam a madadin kalsiyam, ɗan gutsure kaɗan ya isa ya mai da lakar zartsi ta teku a kan takarda.

Shi ya sa kowane dutse da aka kawo mini nake fara ɗiga masa asid kafin a niƙa. Wanda ya yi kumfa, alamar akwai ɓawon ƙumba ko farar ƙasa a ciki ke nan, nakan ware shi gefe in sa masa jan alli. A makon jiya, cikin buhun da aka kawo, kusan rabi kumfa suka yi.