Gidan harsashin da ya ɓata min cinikin Luger

Bindigar kanta ba ta da laifi, wannan zan fara faɗa. Luger P.08 ce ta 1940, ƙaramar bindigar sojan Jamus, ƙirar kamfanin Mauser a garin Oberndorf, da lambar sirrin kamfanin, 42, a samanta, wadda ta gaji S/42 kafin a koma byf a 1941. A wani baje kolin bindigogi na Texas na saye ta, inda doka ta yarda a ajiye irin wannan kayan tarihi. Na bi ta gaɓa-gaɓa. Lambobi biyun ƙarshe na lambar bindigar suna nan a kan kunama da farantin gefe da sauran ƙananan ƙarafa, ƙaramin harafin da ke tafiya da lambar na ƙarƙashinta a gaban bindigar, hatimin masu duba kayan soja, gaggafa mai 655, na gefen dama. Babu X ɗin da ake gani a waɗanda Rasha ta kwace, babu lambar da aka zana da alƙalamin lantarki.

Gidan harsashin ne ya cuce ni. Mai sayarwa ya yi ta nanata cewa lambarsa ɗaya da ta bindigar, kuma a kan haka ya ɗora ɗaruruwan daloli. Haka kasuwar take, domin a fagen fama sojoji sun yi ta musayar gidajen harsashi, wanda ya zauna da bindigarsa har yau ba shi da yawa. Lambar kuwa ta yi daidai, har da harafin.

Wani dattijo da ya daɗe a harkar ne ya karɓa, ya juya gindin alminiyam ɗin a hasken taga, ya ce in shafa da yatsa. Wajen lambar ya ɗan faɗa ciki, ya yi sulɓi fiye da gefensa. An goge tsohuwar lamba da magagari, an buga sabuwa. Da gilashin ƙara girma sai ga lambobin sun fi na jikin bindigar kauri, bakinsu da kaifi kamar jiya aka buga, alhali ko'ina na ƙarfen ya sha hannu. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne hatimin da ke ƙasan lambar: gaggafa mai 63. Wannan na masu duba kaya ne na shekarun baya, zuwa 1939. A kan bindigar 1940 mai 655 ba shi da gurbi. Wanda ya yi aikin ya iya buga lamba, amma ya bar hatimin yana tona masa asiri. Na kira mai sayarwa, ya ce shi ma haka ya same shi. Wataƙila.

Kuben fatar bindigar bai ba ni wahala ba. Shekarar 1940 na bayansa tare da hatimin Waffenamt, wato hukumar duba makaman sojan Jamus, ɗinkin na asali ne, ɗan ƙarfen loda harsashi na cikin aljihunsa da 655. Kada wani ya ruɗe ku da zancen kube mai lambar bindiga. Na soja ba a saba buga musu lamba ba, 'yan sanda ne ke yin haka. Shekarar kube da ta bindiga su zo ɗaya ko kusa da juna, ya wadatar.

Yanzu in aka ce min gidan harsashi ya dace, hatimi nake fara dubawa, lamba daga baya. Sai in shafa gindin, in kwatanta siffar lambobin da na jikin bindigar, musamman 2 da 7. In an kawo guda biyu, na biyun ya kamata ya zo da alamar +, kuma a nan nake ninka zargi, don biyu masu dacewa sun fi ɗaya tsada nesa ba kusa ba. Wanda ya hana ku ɗaukar hoton gindin ku tura wa masani, ku bar masa kayansa.

Nawa dai yana nan cikin bindigar. In zan sayar, a farashin gidan harsashin da bai dace ba zan sa shi, asarar tawa ce.